Kurjin da Ba Shi da Ido

Duk Madabo babu wanda bai san zabirar Malam Gwadabe wanzami ba. In maruru ya hana mutum zama, shi ake kira, ya duba ko ya nuna, ya taɓa shi da bakin aska, kafin ka ce kwabo mai ciwo yana sa masa albarka. Sai ga shi ciwo ya shigo masa har cikin gida, ya zauna daram a muƙamuƙin 'yarsa Bushra.

Kurji ne ƙato, can cikin tsoka, ya yi jawur ya ɗauki zafi, ko tuwo sai ta karkata baki take ci. Gwadabe ya dube shi sau ɗaya ya yanke hukunci.

"Maruru ne. Kawo tabarma, yanzu zan raba ki da shi."

Bushra ta sunkuyar da kai. "Baba, ka yi haƙuri. Likitar fata ta ce ba maruru ba ne, manyan kurajen fuska ne masu zurfi. In aka tsaga ko aka matsa, tabon ba ya gogewa. Ta ba ni magani, ta ce in riƙa naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ina ɗorawa kaɗan-kaɗan."

Ƙanƙara! A gidan wanzamai! Abin ya sosa masa rai ƙwarai. Me zai faɗa a majalisa in aka ga 'yar Gwadabe da kumburarren kunci, aska kuwa tana rataye a ɗaki?

Tsohuwarsa 'Yardada tana gefe tana gyaran zogale, ta ce, "Yau na ga abin mamaki. An ce wanzami ba ya son jarfa, kai kuwa har ta cikin gida kake nema."

Gwadabe ya buɗe zabira, ya wanke hannu, ya ce wa Bushra ta matso. Ta matso, don ba ta taɓa yi masa musu ba, amma idonta ya ciko. Ya sa yatsu biyu ya lalubi kumburin a hankali, yana neman ido, wurin nan mai laushi da maruru ke nuna wa wanzami inda zai sa aska. Ya bi ta sama, ya bi ta ƙasa, babu. Abu ne mai tauri, ya lafe a ciki, ba inda ya tara ruwa.

Ya daɗe hannunsa na kan fuskarta. Fata ce sumul irin ta mahaifiyarta, kuma ya fi kowa sanin cewa inda aska ta bi, ta bi ke nan har abada.

Sai ya janye hannu, ya ɗaure zabira, ya saka takalmi. Da kansa ya je gidan Hawwa mai zoɓo ya sayo ƙanƙara, ya ratso lungu da ita a leda tana ɗiga, ana gaishe shi yana amsawa a gurguje. Ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya ɗora mata, ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Bushra ta lumshe ido ta yi ajiyar zuciya, ta ce zugin ya fara lafawa.

Haka suka yi ta yi safe da yamma, tana shan maganinta, 'Yardada tana kiransa wanzamin ƙanƙara. Sannu a hankali jan ya dushe, kumburin ya saɓe, har ta koma cin tuwo da baki a miƙe. Wurin ya ɗan yi duhu, amma ko rami bai bari ba.

Ranar da ta ajiye madubi tana murmushi ta ce, "Baba, ba ka ji haushina ba?"

Ya kama haɓarta ya juya ta wajen haske, ya duba da kyau kamar yadda yake duba aikin da ya gama.

"Na ji mana," ya ce. "Amma tun ina yaro nake bar wa mutane shaida a fuska. Ke dai alhamdulillahi, ba wanda zai dube ki ya ce hannuna ya bi ta nan."