Wuƙar Lemun Tsami

Karo na uku ke nan Mai Agogo yana kau da kai daga kofin. Auta ta tallafo ƙeyarsa da hannu ɗaya, ta kai masa shayin bakinsa. Ya shaƙi tururin, ya datse leɓɓansa gam.

"Baba, ko kurɓi ɗaya," in ji ta.

Tela, maƙwabcinsa na shekara ashirin, yana tsaye a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya. Kwana biyu ke nan tsohon bai sa komai a cikinsa ba. Likita ya riga ya gama magana, ya ce a bar shi a gida, a ba shi abin da ransa ke so. Abin da ransa ke so kuwa duk layin an sani, shayi ne da lemun tsami. Amma daga hannun 'yarsa ya ƙi karɓa. Ita kuma ta sa wa ranta fushi ne bai huce ba, tun shekara tara da ta tattara ta tafi aiki wani gari, ta bar shi a ɗaki biyu da matattun agogunan mutane. Ta gaya wa Tela ba ta neman komai yanzu sai ya sha abu daga hannunta kafin ya tafi.

Mai Agogo dai mutum ne mai tsirfa. Wuƙaƙen aljihu uku gare shi, irin masu naɗewa, kowacce da abin shanta. Mai ƙotar ƙaho ta lemun shayin safe ce. Mai ƙotar katako ita ke kankare citta in sanyi ya kama shi. Ƙaramar mai zobe kuwa aikinta huda gwangwanin madara ranar da ya ga damar shan kofi. Ba a musanya su ko da wasa. Tela ya taɓa ce masa wuƙa ai wuƙa ce, ciki bai san ƙota ba. Tsohon ya miƙo hannu ya ce to a ba shi almakashin yadi ya yanke farce. Tun ranar Tela bai sake tayar da zancen ba.

Yanzu Tela ya bar su a ɗakin ya leƙa kicin, ba don komai ba sai don ƙafarsa ta gaji da tsayuwa. A kan faranti ya ga wuƙaƙen, su ukun a jere, a buɗe, sai ƙyalli suke kamar yau aka sayo su. Ga soson ƙarfe a gefe, ga sabulu. Ya ɗauki ɓarin lemun da Auta ta yanka ya shinshina. Ƙarnin ƙarfe ya bugi hancinsa.

Bai ji haushi ba, bai ji tausayi ba, kansa kawai ya yi ɗif.

Da ta fito zubar da shayin, ya tambaye ta yaushe ta wanke su. Ta ce ranar da ta iso, ai ta tarar da ta ƙahon baƙa ƙirin, ta ga wannan datti ba zai shiga cikin marar lafiya ba, sai da hannunta ya yi ja kafin ya fita. Tela ya yi mata bayani a hankali. Baƙin nan ba datti ba ne. Ruwan lemu ne na shekara talatin ya rina ƙarfen, shi ke hana ɗanɗanonsa shiga shayi. Goge ta kawai ake yi da ƙyalle a naɗe.

"Ke nan ba da ni yake ba, Kawu?"

"Da wuƙar yake, 'yata."

Ta zauna a kan bokitin da ke kife, ba ta yi kuka ba. Can ta tashi ta sake ɗora ruwa, ta yanka wani lemun da wuƙar girki. Tsohon ya shaƙa, ya buɗe ido ɗaya, ya ce albasa. Kai, mutum yana bakin kabari amma hancinsa na nan daram. Sai ya motsa baki, suka sunkuya.

"Ina baƙar?"

Auta ta ruga ta ɗauko ta, ta sa masa a tafin hannu. Ya juya ta, ya shafa ƙotar da babban yatsa, ya ɗaga ta wajen hasken taga. Idonsa ya riga ya yi rauni, farin ƙyallin kawai yake gani.

"Ba ita ba ce," ya ce, ya sake ta a kan bargo.

Tela ne ya kawo dabarar. Ya ce a soka ta cikin lemu a bar ta, tsamin zai mayar mata da baƙinta. Ta tambaye shi zuwa yaushe. Bai sani ba, amma ya ce zuwa yamma, don ya ga tana buƙatar lokacin da za ta riƙe. Ta soka ta har ƙota, ta ajiye a kan tagar kicin. Tela ya koma shagonsa ya zauna gaban keke, bai ɗinka ko taku ɗaya ba. Ta katanga yana jin takunta, ɗaki zuwa kicin, kicin zuwa ɗaki.

Wajen ƙarfe huɗu takun ya tsaya. Ba ihu, ba komai. Ya cire tef ɗin daga wuyansa ya rataye, ya shiga. Tana zaune a bakin gado riƙe da hannun uban, ta ɗago ta dube shi kamar wadda aka tasa daga barci. Ya ja bargon ya rufe masa fuska, ya yi masa addu'a, ya fita kiran mutane.

Washegari da masu ta'aziyya suka watse, gidan ya rage su biyu. Ya same ta a kicin tana kallon lemun, har ya fara yanƙwanewa, tururuwa na zagaye shi. Ta zare wuƙar. Ba ta yi baƙi ba. Toka-toka ta yi, da 'yan ɗigo-ɗigo wajen tsini.

"Da ya gane ta a haka, Kawu?"

Tela ya karɓa ya duba gaba da baya. Ya so ya ce e, bakinsa ya ƙi.

"Da saura," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Ta share tururuwan da gefen hannu, ta ɗauko sabon lemu a kwando, ta soka wuƙar har ƙota, ta mayar kan tagar inda rana ke faɗowa.