Gwangwanin Gado Ya Cika

Mun wuce gonakin hatsi na bayan gari ke nan motar ta fara tari, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe bayanmu, sai ta mutu.

Gado makaniki, maƙwabcinmu a Sabon Gari, yana kwance a kujerar baya, kansa bisa cinyar matarsa Tahira. Da safe likita ya ce ba sauran magani, mu kai shi gida. Shi kuma abu ɗaya ya roƙa, ya ga tsohuwarsa a Tsibiri, wadda ƙafafu suka daina ɗaukarta. Maigidana Maman Lawali ke tuƙa motar Gadon, ni ina gefensa.

"Mai ya ƙare?" in ji Tahira.

Gado ya buɗe ido. "Gwangwani ne. Ya cika."

Duk motar da ta shiga hannunsa sai ya ɗaura mata gwangwanin madara mai tiyo biyu kusa da inji. Tururin baƙin mai ya taru a ciki, kada ya koma inji ya toshe shi. Duk Juma'a direbobi ke zuwa ya juye musu. Na mutane ya yi ta juyewa har ya kwanta, nasa ya manta.

Maman Lawali ya ɗaga murfin inji, ya tsaya yana kallo.

"Lawali, shekara ashirin kana shan shayina, ba ka koyi komi ba?" in ji Gado. "Rabi, tahi ke. Kin fi shi ido."

Ni ce nake karɓar man da yake juyewa ina shafa wa ƙyaurenmu saboda gara, don haka na sha ganin yadda yake yi. Na zare tiyo, na kwance wayar da ta riƙe gwangwanin. Da zafi, na kama shi da bakin zane. Mai ya kai har wuya. Na juye a rairayi, na mayar.

"Tiyon sama shi ne mai zuwa inji. Kada ki juya su."

"Ban juya ba, Malam."

"Goge buji."

Muka ciro bujin, wato fulogi, muka goge da kallabina. Sau huɗu ana murza makulli, ta biyar ta tashi.

"In mun isa kada ku kashe ta," in ji shi. "Ba za ta sake tashi ba."

Ban ƙara jin muryarsa ba. Daidai shiga gari Tahira ta fara salati a hankali, ban waiwaya ba.

Muka tsaya ƙofar gidan. Mata biyu suka riƙo tsohuwar, ta shiga baya, ta karɓi kansa daga cinyar Tahira ta aza a tata. Ta shafa masa gemu.

"Wa ya bar ka ka rame haka?" in ji ta.

Maman Lawali ya kai hannu ga makulli, ya janye. Muka zauna a inuwar itacen bedi, motar tana ta kaɗawa a hankali, ƙofofinta a buɗe.