Ƙarar Injin Ardalan

Tun farkon shekara muke ƙera ƙaramin injin jirgin sama, kuma rabin aikin na Ardalan ne, wanda ya zo karatu daga Iran. Ranar gwaji muka hau kekuna cikin yayyafi zuwa filin wani kamfani a bayan garin Delft.

Mai gadi ya juya fasfon Ardalan ya ce, "Wannan ba ya shiga. Doka ce."

Na ce, "Shi fa ya zana injin. Sirrin wa zai sata, nasa?"

Malaminmu Farfesa Wiebenga ya buga waya, ya sake bugawa, sannan ya hau goge tabarau.

Ardalan ya ce, "Shiga kawai, Marloes, kin cika faɗa. Ki ɗauko min bidiyo."

A ƙofa ta biyu aka karɓe wayoyinmu.

Injin ya tashi lafiya lau, aka yi tafi. Da na fito, na same shi a rumfar kekuna, ya jiƙe sharkaf.

Ya ce, "Yaya ƙararsa take?"

Na tsaya cikin ruwan, ina kwaikwaya masa da baki.