Lallen Babban Yatsa

Mashkura ba ta taɓa fashin makaranta ba, kuma ba ta barin kowa ya manta da hakan. Daga Karmo take tasowa, ta hau keke, ta sauka ta hau bas, ta sha gosulo, amma ita ce ke fara isa makarantar koyon sana'a da ke Durumi, inda take koyon gashin burodi da kek. A bakin ƙofa an manna wata na'ura a bango, ana dangwala mata babban yatsa. In ta kawo koriyar wuta, kin zo. In ta kawo ja, to ko kina tsaye a gabanta da ƙafafunki biyu, ba ki zo ba. Tun maigadi Ɗangoggo bai gama shan kokonsa ba Mashkura take dangwalawa, ta shige aji, ta kama kujerar gaba ta harɗe kamar gidan ubanta.

Dokar makarantar ba ta da wuya. Mai uzuri ya nemi izini kafin ya tafi, izini ba ya ɓata suna. Jar wuta ba izini ita ce ke cire mutum daga layin masu zuwa aikin gwaji. Bana kuwa gurbi ɗaya tak wani babban otal na Maitama ya ba ajinsu, kuma shugaban kicin ɗin da kansa zai zo ranar Laraba ya ɗanɗana kek ɗin kowa ya zaɓa.

To, akwai Naomi. 'Yar manoma ce daga Orozo, doguwa, mai dariya har da buga cinya, Hausarta kuwa ba ta bambanta "kai" da "ke". Ita fa izini kamar ruwan sha: yau uwarta ba lafiya, gobe ana haƙar doya. Kuma duk ran da ta dawo ta kwaɓa fulawa, kek ɗinta sai ya tashi ya yi luhu-luhu, malamarsu Madam Sandra ta gutsura ta lumshe ido ta ce, "Ku zo ku ga hannu!" Na Mashkura kuwa sai ta taɓa da ɗan yatsa ta ce, "Ba laifi."

Ba laifi! Wannan kalma ita ke hana Mashkura cin tuwo da daɗi. Ita da ke zuwa kullum, ita ce ba laifi, mai zuwa in ta ga dama ita ce hannu?

Amma kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba. Gosulon Nyanya ya sha sa Naomi makara har a rufe na'ura, jar wuta ta taru mata. Ran nan Madam ta ce mata a gaban kowa, "Naomi, ja ɗaya ya rage miki. Ɗaya. In kin ƙara, babu ke babu Maitama." Mashkura ta sunkuyar da kai tana goge tire, ta adana maganar a ranta.

Ranar Alhamis sai ga Naomi ta zauna kusa da ita. Kowa ya san Mashkura gwanar ƙunshi ce, da shi take samun na mota.

"Mashkura, kai ne za ka taimake ni. Yayana Treasure zai yi aure Asabar, na karɓi izinin Juma'a. Ina son lalle irin na hannunka."

Mashkura ta buɗe baki za ta ce ba ta da lokaci, sai ta tuna gwaggonta da ta je banki da sabon ƙunshi, na'ura ta ƙi yatsanta har sai da lallen ya koɗe. Izinin Naomi na Juma'a ne kawai. Litinin dole ta dangwala.

"Haba ƙawata, ke da ni? Kyauta ma zan miki."

Da aka tashi suka zauna ƙarƙashin dalbejiyar bayan aji. Mashkura ta zana mata furanni a bayan hannu, masu kyau kuwa, don hassada ba ta hana ta son a yabi aikinta. Sannan ta dama wani kwaɓi dabam, ta zuba sajan, baƙin rinin nan, ta ƙara ruwan haidirojin na wanke ciwo ba awo, har yana tashin kumfa. Shi ta lafta wa manyan yatsun Naomi biyu, ciki da waje.

"Me ya sa babba kawai? Sauran yara fa?" in ji Naomi.

"Sabon yayi ne. Hular babban yatsa ake ce masa. Matan Maitama duk shi suke yi."

Kwaɓin ya ƙi zama yadda take so, safar leda na zamewa. Sai ta cire safar ta jefar, ta sa nata babban yatsan tana dannawa, tana murzawa, tana cusa shi cikin kowane layi na fatar. Ta ji ɗan raɗaɗi, ta ce a ranta ai alamar yana ci ke nan.

Asabar yatsan Mashkura ya kumbura. Lahadi ya yi ruwa ya fashe, fatar ta saluɓe. Ta shafa man kaɗanya, ta shafa zuma, ta ce in nata ya yi haka, ina ga na Naomi? Har da 'yar waƙarta tana wanke-wanke da hannu ɗaya.

Litinin, karo na farko tun da ta shiga makarantar, ba ta dangwala ta shige ba. Ta ja gefe ta tsaya, wai tana gyara takalmi.

"Hajiyar Karmo, yau kuma gadin za ki taya ni? Albashin dai bai isa a raba ba," in ji Ɗangoggo.

"Baba, ka ji da kokonka."

Can sai ga Naomi ta diro daga kan mashin, tana ɗaga manyan yatsunta baƙi ƙirin kamar an tsoma a kwalta. Ko ɗigon ƙurji babu. Hannun da ya saba da fartanya, me sajan zai yi masa? Ta nufi na'ura, Mashkura ta zuba mata ido. Naomi ta naɗe babban yatsa, ta miƙa ɗan ƙaramin, ta dangwala. Kore.

"Ƙaramin kike sawa?" Muryar Mashkura ta fito siririya.

"Tun ranar farko ai. Babban ya goge da noma da ɓarar agushi, injin ya ce bai gan shi ba. Sai suka ɗauki ƙaramin. Kai ba ka taɓa gani ba?"

Ina za ta gani, ita da kullum tana kujerar gaba a harɗe kafin kowa ya iso?

"Ai sai ki sa naki mu gani," in ji Ɗangoggo, yana leƙen hannun da take ɓoyewa a mayafi.

Ta sa. Ja. Ta goge a zane, ta cije leɓe don zafi, ta sake. Ja. Ta hura masa iska, ta yi bisimilla. Ja. Layi ya taru a bayanta, wata na cewa, "Anti, a yi mana hanya mana." Hayaniyar ce ta fito da Madam Sandra. Ta kama hannun ta juya shi, ta yatsine fuska.

"Wannan ne zai shiga kwaɓina? God forbid. Mai ciwo a hannu ba ya taɓa abincin mutane, kin san doka. Na gan ki, ba zan bari jan ya hau kanki ba. Amma ki je ofis ki nemi izinin rashin lafiya, sai ya warke ki dawo."

"Madam, Laraba fa? Ni ban taɓa neman izini ba!"

"To yau kin fara."

Mashkura ba ta ma san ƙofar da ake bi ba. Naomi ce ta ja ta har ofis, tana cewa, "Zo, ni na san hanya, kullum ina nan."

Ranar Laraba tana kwance a Karmo, yatsa a naɗe da bandeji, waya na ta ƙara, ta kife ta. Ba sai an gaya mata wadda aka zaɓa ba.

Ranar Asabar ta ji sallama. Naomi ce, da kek a kwali, ga mata huɗu 'yan Orozo a bayanta suna washe baki.

"Na kawo maka customer! Tun ranar biki suke damuna. Duka hular babban yatsa suke so, irin na matan Maitama."

Mashkura ta dubi matan, ta dubi bandejinta. Ta gutsuri kek ɗin da hannun hagu ta kai baki. Ya narke mata a harshe tun kafin ta tauna. Ta haɗiye da kyar.

"Yaya?" in ji Naomi.

"Ba laifi," in ji Mashkura, ta jawo kwalin kusa da ita.