Makokin Kwamfutar Maman Amaka

Har yau in na wuce ta gaban shagon Silvanus a hanyar tasha sai na ji raina ya ɓaci. Yaron nan a gabana ya girma. Ni Magdalene na koya masa Addu'ar Ubangiji a makarantar Lahadi, majina har baki. Ya je Kaduna ya yi 'yan shekaru, ya dawo Kafanchan da kwat da taye, ya buɗe shagon kwamfuta, shi ke nan sai ya ɗauka duk matan garin nan ba su da wayo.

A shekarar 1998 ne, lokacin ina uwar Zumuntar Mata ta cocinmu. Akwai 'yar'uwarmu Ezinne, wadda muke kira Maman Amaka. Iyayenta 'yan reluwe ne daga kudu, amma a nan aka yanke mata cibiya, Hausarta ma ta fi tawa. Mijinta direban jirgin ƙasa ne. Ya rasu ya bar ta da yara da tafireta guda, wadda ya saya mata tun suna sabon aure. Da tafiretar nan take ciyar da gidan. Tana zama a barandarta tana buga wa mutane katin aure da tsarin sujadar jana'iza. Sai kasuwa ta fara ja baya, don kowa yanzu so yake a buga masa da kwamfuta, a sa masa kurciya da fure a gefe.

Muka ce a zumunta ba za mu zuba ido ba. Muka yi karo-karo. Wata ta sayar da buhun citta, wata ɗan alade, har abin ya kai na kwamfuta da firinta daidai wa daida. Aka wakilta ni in raka ta shagon Silvanus.

Kai, ku zo ku ga ladabi! Silvanus ya durƙusa har ƙasa, "Sannu Mama, sannu Mama," ya aika aka sayo mana lemo mai sanyi. Muka nuna abin da muka zo saye. Sai ya kama haɓa yana girgiza kai.

"Mama, wa yake sayen akuya ya bar igiya? Babu sitabilaiza, wuta ta zo da ƙarfi sau ɗaya, kin yi asara."

To wannan na yarda. Sai ya jawo wani akwati mai nauyi, wai batir ne da ke riƙe wuta in an ɗauke. Ya jawo wani gilashi, wai in ba ta rataya shi a fuskar kwamfutar ba idonta zai mutu kafin Kirsimeti. Ya jawo sifika biyu.

Na ce, "Silvanus, sifika kuma? Gidan rawa za ta buɗe?"

Ko kallona bai yi ba. Ya gane wadda ke jin tsoro, ita yake yi wa magana. Daga ƙarshe ya ɗauko rigar leda ya shimfiɗa a tebur.

"Wannan ita ce rai, Mama. Kada ki kuskura ki bar ta tsirara ko na minti ɗaya. Kyankyaso ɗaya ya shiga ya yi ƙwai, an gama."

Na ce masa kuɗinmu ba su kai nan ba. Sai ya ce, "Ina wancan tsohon ƙarfen naki, Mama? Tafiretar. Gaskiya ko 'yan gwangwan ba za su so ta ba, amma don ke ce, kawo ta in haɗa miki kayan nan duka."

Na mintsini Maman Amaka a cinya. A hanyar gida na yi ta yi mata faɗa. Amma Maman Amaka mace ce mai kunya. Ba za ta iya komawa zumunta ta ce a ƙara ba, kuma tsoro ya riga ya shige ta, kada abin da mata suka yi wa gumi ya lalace a hannunta. Washegari ta goge tafiretar da tsumma ta kai masa.

Abin da ya faɗa kuwa ta riƙe shi kamar aya. Ko tana aiki ba ta cire wa akwatin kwamfutar rigar nan, har zani ta ƙara a kai. Wata bai cika ba, tana tsakiyar buga katin aure, sai ta ji ƙaurin ƙuna. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Ta kashe ta kunna, ko tari abin bai yi ba.

Muka ɗora a baro muka tura har shagon. Wannan karon babu lemo, babu durƙuso. Yana zaune yana kaɗa ƙafa.

"Ina kwalin?"

Kwalin da kwamfutar ta zo da shi kuwa tuni aka zuba doya a ciki ranar godiyar girbi, aka yi gwanjonsa a coci, wani malami ya tafi da shi Kagoma.

"Babu kwali, babu garanti," in ji shi. Ya leƙa bayan akwatin ya shinshina. "Haba Mama! Wa ya ce ki kunna ta da riga? Ai zafi ne ya dafa ta."

"Kai ka ce kada in cire."

"Ni? Ban ce haka ba."

A gabana fa! Da kunnena na ji shi, ga shi yana kallon tsakiyar idona yana musu. Wai kuma, don rashin ta ido, sai ya fara tallan wata 'yar fanka da ya kamata a ce ta saya tun farko. Maman Amaka ta dafa ni, ta yi magana a hankali.

"Ɗana, riƙe kayanka duka. Ba ni tafiretata kawai in koma aikina. Yara ba su da abin ci."

"Ai ta tafi tuntuni. 'Yan gwangwan sun kai ta Jos." Ya buga akwatin da tafin hannu. "Wannan kuwa ta mutu, Mama. Sai dai a binne."

Na ce, "Ta mutu?"

Ya ce, "Murus."

Na ce, "To madalla. Allah ya ba mu haƙuri."

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san aikin Zumuntar Mata in an yi rasuwa. Ba a gayyatar mu. Mukan ɗaura zaninmu iri ɗaya, mu ɗauki tulunan kiɗa da caki, mu je inda gawa take mu zauna, mu yi ta waƙa har a binne. Babu mai korar mu, don wanda ya kore mu yau, ranar tasa wa zai zauna masa? To Silvanus da bakinsa ya ce an yi mutuwa, kuma gawar a shagonsa muka bar ta.

Ranar Asabar da safe, lokacin da hanyar tasha ta fi cika, muka iso da bencuna da tabarmi. Muka fito da akwatin muka ɗora a tebur a bakin ƙofa, muka lulluɓe da farin ƙyalle, Beatrice mai ba da waƙa ta ɗora fure. Tuluna suka ɗauka. Muka shiga waƙoƙin ta'aziyya, masu sanyin nan da ke sa namiji share ido.

'Yan acaɓa suka riƙa tsayawa suna cire hula. Masu zuwa sayayya suka riƙa juyawa daga nesa. Wanda ya matso ya ce, "Sannunku da haƙuri, wa aka rasa?" sai mu ɗaga ƙyallen mu nuna masa. In ya ce me ya kashe ta, mu ce riga, mu ba shi labari tun daga lemo har kwali. Silvanus ya fito yana gumi, taye ya karkace.

"Mama, don Allah ku rufa mini asiri. Zan kira 'yan sanda fa!"

Na nuna masa matar sajan, ga ta can a layin gaba tana kaɗa caki.

Kafin azahar labari ya kai Kagoro cewa zumunta na zaune a ƙofar Silvanus. Gwaggonsa, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsa, ta sauko daga bas hannu a ka, tana kururuwa tana kiran sunansa. Ta gan shi tsaye da ransa, ta zube a ƙasa. Na ji tausayinta, Allah ya sani, amma ban ce a daina kiɗa ba. Muka ba ta ruwa, muka ba ta labari ita ma.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Na ɗaga hannu don mu yi addu'a, tuluna suka tsaya, wuri ya yi tsit. Sai ga wata ƙara daga ɗakin bayan shagon: kaf, kaf-kaf, kaf. Sannan 'yar ƙararrawa, ƙililin.

Maman Amaka ta buɗe ido. Ta miƙe, ta ratsa ta gefen Silvanus, ta ɗaga labule. Ashe sakatariyarsa ce a ciki. Duk lokacin da babu wuta, kwamfutocinsa suka zama gumaka, da tsohon ƙarfen da 'yan gwangwan ba sa so ake buga masa takardun shago. Tir da wannan hali!

Maman Amaka ta fito rungume da tafiretar a ƙirji. Ta tsaya a gabansa, a gaban gwaggonsa da duk jama'ar titi.

"Silvanus, a kan wannan na buga tsarin jana'izar mamanka. Ka zo kana kuka, ba ka da ko sisi, na ce je ka, ɗana. Ita ce ka ce mini shara ce?"

Gwaggon ta tashi ta kama shi da tayen, ta ce yau sai ya mayar wa matan nan guminsu ko ta kwana a nan tare da mu. Ya fara rantse-rantse, zai gyara, zai canja sabuwa, zai ƙara da fanka kyauta. Na ce ya riƙe fankarsa, zumunta za ta zauna da shi ranar Talata.

Maman Amaka ba ta tsaya jin wannan ba. Ta kwance ɗankwalinta ta naɗe gammo, ta ɗora tafiretar a ka. Beatrice ta ce a sa mata a baro, ai da nauyi. Ta girgiza kai. Muka kwashe tuluna muka bi bayanta, muka sauya waƙa zuwa ta godiya, tun daga hanyar tasha har barandarta, ba ta yarda kowa ya taya ta ɗauka ba.