Bidiyon 'Yata a Wayar Wata Mata

Ranar da Auta ya cika wata tara na goya shi muka tafi asibiti allurar ƙyanda. 'Yata ta fari, wadda muke kira Tsuntsuwa, na bar ta wajen Yaya kamar kullum. Shekararta biyar, ba ta magana, ba ta kallon mutum cikin ido, in ta ji daɗi sai ta riƙa kaɗa hannuwa kamar za ta tashi sama. Likita ya ce galahanga ce, da ita aka haife ta. Ni tela ce, ƙarar keken ɗinki kuwa toshe kunne take sa ta yi tana kuka. Shi ya sa Yaya, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta ce in riƙa kawo mata ita. Shekara biyu tana yi mini wannan alheri.

Muna zaune a benci, kowace da katinta a hannu, nas tana ɗora yara a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Matar da ke gefena, mai ɗan fari da gani, ta leƙa katina.

"Ke allura kika zo? Ni awo kawai za a yi masa. Tsaya ki ga abin da aka turo mana."

Ta miƙo mini wayarta. Labulen na fara ganewa, kore mai ratsin fari, ni na ɗinka wa Yaya shi. Sannan na ga Tsuntsuwa a ƙasa, cikin rigarta ta ranar Laraba, tana ihu tana buga kai da hannun kujera. Sai muryar Yaya ta shigo, a natse kamar mai karanta labarai.

"Iyaye mata, ku gani da idonku. Yarinyar nan lafiya lau take, tana Mama tana Baba, sai aka yi mata allurar wata tara. Ko sati ba a rufa ba bakinta ya mutu."

Can bayan muryar ina jiyo ƙarar bilenda. Duk danginmu sun san ba a kunna bilenda in Tsuntsuwa tana gida.

Kuma ba a taɓa yi wa 'yata wannan allurar ba. Yaya ce da bakinta ta hana ni a lokacin, ni kuma ina sabuwar uwa, abin da ta ce shi nake yi. Tsuntsuwa tana shekara biyu ƙyanda ta kama ta, muka kwana goma a gadon asibiti, ido ya kusa tafiya. Yaya ce ke riƙe mata hannu in za a sa ruwa. Kalmar Mama kuwa, har yau ban ji ta daga bakinta ba.

"Allah sarki," in ji matar. "An ce uwar ma ta kusa zarewa."

"Ni ce uwar," na ce. "Ba a yi mata allurar ba. Ƙarya ce."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta karɓe wayarta, ta ɗan matsa gefe. Da aka gama yi wa ɗanta awo ta saɓa shi ta fita, ba ta waiwayo ba. Nas ta kira lambata. Auta ya yi kukansa na minti ɗaya, ya kama nono ya manta.

Na tarar da Yaya tana ninke kayan wanki a falo, Tsuntsuwa tana jera murafen kwalba a bakin tabarma.

"Har kun dawo? Kawo ɗan nawa in ga inda suka tsikare shi."

Ban kwance goyon ba. "Yaya, na ga bidiyon."

Hannunta ya tsaya a kan zanen da take ninkewa, sannan ya ci gaba. "Ai ban faɗi sunanki ba."

"Kin san ba a yi mata ba. Ke kika hana."

"To ko ba ita ba, ya faru da 'ya'yan wasu. Mutane ba sa ji sai sun gani."

"Bilendar fa?"

Ta ce, "Ko minti biyu ba a yi ba. Ina kashewa na ɗauke ta na rarrashe ta."

Na tsaya ina kallonta, matar da ta yi mini wankan jego. Ita ma ta ɗago, idonta ya kawo ruwa.

"Ke ba kya jin abin da ake faɗa. Ana cewa a jininmu abin yake. 'Yan mata uku gare ni, wanda ya zo neman babbar ya ja da baya. In ba allura ba ce, me kike so in ce wa mutane?"

"Da sai ki ce musu 'yar ƙanwarki ce."

Na tattara murafen na zuba a jaka, na kama hannun 'yata muka fito.

Baban yara ya so ya je da kansa, na hana shi. Umma ta kira ni sau uku, wai in yi haƙuri, 'yar'uwa ce, kuma ai ta goge bidiyon. Ta goge a wayarta dai. Na rubuta gaskiyar abin na tura duk inda na sani, mutum huɗu suka amsa, biyu daga ciki zagina suka yi.

Yau wata biyu ban taka gidan Yaya ba. Tsuntsuwa ba ta san me ya faru ba. Kullum ƙarfe takwas na safe sai ta ɗauko takalmanta ta tsaya a bakin ƙofa, ni kuma in zauna a ƙasa kusa da ita har ta gaji ta ajiye.