Rabon Maigida

Hilmi ya soka basilla cikin audugar, ya zaro ta nesa da inda alli ya nuna, da gangan. Ya sake sokawa, ya sake kaucewa. Kafin ladan ya gama kiran sallar Juma'a, ya shimfiɗa layin ɗinki mai tsawon kamu guda a tsakiyar lihafin, wato bargon auduga, a karkace kamar sawun kaza. Ya ja da baya a kan gwiwoyinsa ya duba. Ya yi muni yadda ake so.

Ɓata ɗinki ne abin da ya fi ba shi wuya yanzu, don hannun ya fara saba wa aikin. Wata bakwai da suka wuce ko zare bai iya zurawa ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Mahalla, kuma a duk shekarun nan bai taɓa dafa ko ƙwai ba. Me zai kai shi? Yana da matarsa Awatif. Ubanta maɗinkin lihafi ne, a gindinsa ta koya, kuma rabin amaren unguwar nan a ƙarƙashin bargon audugar da ta ɗinka suka yi sanyinsu na fari.

Sai mantuwa ta zo mata. Ta fara da gishirin miya, ta koma sunayen maƙwabta, ta ci hanyar kasuwa. Wata rana Hilmi ya tarar da lihafin da ta fara yi wa jikarsu a yashe, audugar na leƙowa ta gefe, ya ce bari ya kama bakin kada ya lalace. Awatif tana zaune a kujera, kwana uku ba ta ce uffan ba. Sai ji ya yi an ce, "Hilmi, wannan ɗinki ne ko jaki ne ya bi ta kai?" Ta sauko, ta ɗauki ƙaramin almakashinta, ta warware duk abin da ya yi. Shi kuwa ya shiga banɗaki ya buɗe famfo, ya yi kukan murna har ya ƙoshi.

Tun daga ranar, ba ta kiran sunansa sai a kan karkataccen ɗinki. Shi ya sa ya zama ɗalibi da furfurarsa. Ya koyi baza auduga, ya koyi ja da alli, ya koyi miƙe layi. Da ya iya sai ta daina kallonsa, don ba abin faɗa. Nan ya gane cewa iyawar ba ta da amfani a gare shi, ya koma ɓatawa.

Yau kuwa akwai dalili. A ƙarshen bazara Awatif ta buɗe ƙofa ta fita, sai bayan awa biyar aka tsince ta a bakin tasha da takalmi ƙafa ɗaya. Rabab, 'yarsu tilo, ta zo daga Iskandariyya a ranar, ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta yanke magana: "Baba, muddin ta san ka, zan bar maka ita. Ranar da ta daina sanin ka, zan tafi da ita, kuma kada ka ce na yi maka rashin kunya." Ya amsa, don a lokacin gani yake ranar ba za ta zo ba. Gidan Rabab ɗaki biyu ne da yara uku. Akwai gadon da za a sa uwar a ɗakin 'yan mata, babu inda za a sa uban.

Yau Rabab za ta zo cin abincin yamma ita da mijinta Midhat, kuma Hilmi ya san akwai akwati ba komai ciki a bayan motar. Tun Litinin bai nuna wa Awatif lihafin ba. Tattalin sunan yake yi, kamar mai gudun kada ya ƙare kafin Juma'a.

Ya yi azahar a falo, don ya daɗe da daina barin ta ita kaɗai, sannan ya shiga kicin. Kazar ta dahu, ya tsame ta zai soya. Ya zuba busasshen lalo a romon, ya rage wuta, ya ɗora shinkafa da taliya. Sannan ya daka tafarnuwa ya jefa a man shanu. Da ta yi ja, ya ɗaga kaskon a kan tukunyar, ya waiga hagu da dama, ya juye, ya ja numfashi da ƙarfi irin yadda matan garin ke yi a al'adance don miyar ta yi kyau.

Ta tagar da ke kallon tasu, maƙwabciyarsu Ummu Girgis ta kwashe da dariya. Ita ta koya masa girkin, daga tagarta, ludayi a hannu.

"Abu Rabab, ƙara ja, miyar ba ta ji ba. Wannan ai shaƙuwa ce."

"Ke dai ki ji da wakenki, tun ɗazu nake jin ƙauri."

"Ƙaurin naka ne, malam. Yau ne zuwan Rabab?"

"Yau ne."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce Allah ya sa a ji alheri, ta ja tagarta.

Ya yi wa Awatif wanka, ya sa mata rigar nan mai ruwan zuma, ya taje mata kai ya ɗaura mata kallabi. A karkace ya ɗauru, wannan kuma ba da gangan ba. Ta bar shi yana juya ta yadda ya ga dama, idonta na kan bango.

Bayan la'asar suka iso. Rabab ta rungume uwar ta daɗe, uwar na bubbuga mata baya irin na ladabi, yadda ake yi wa baƙuwa a gidan biki. Midhat ya ajiye kwalin kayan zaƙi, ya sumbaci kan surukinsa, ya nemi kujerar da ta fi nisa ya zauna. Mutumin kirki ne, amma ba ya son ranar da za a ce shi ya tuƙa motar.

"Baba, ka rame," in ji Rabab.

"Girkin kaina nake ci, dole."

"Sugan fa? Kana shan maganin?"

"Ina sha. Ke zo ki ga uwarki tana zagina, sai hankalinki ya kwanta. Jiya ma sai da ta haɗa da kakana."

Rabab ta dube shi. Ta tuɓe mayafi ta ce bari ta duba shinkafar, ta ja Midhat ya taya ta fito da kwanuka. Hilmi ya so ya jira su dawo, amma zuciya ta ƙi. Ya ce bari ya ɗan gwada tukuna, in ya so a maimaita a gabansu. Ya jawo lihafin har gaban kujerar Awatif, ya ɗora mata gefen a cinya, ya ajiye almakashin kusa da hannunta.

"Ummu Rabab, duba min nan. Na yi daidai?"

Ta sunkuya. Yatsunta suka bi layin a hankali, suka hau, suka gangara, suka bi duk inda ya kauce. Hilmi ya zuba mata ido. Ta kai ƙarshe, ta ɗago, ta yi masa murmushin da ya shekara bai gani ba.

"Allah ya yi wa hannunka albarka, usta. Aiki ya yi kyau."

Usta, yadda ake kiran mai sana'ar hannu. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, ba ta taɓa yabon abin da hannunsa ya yi ba sai yau.

"Duba dai da kyau," ya ce. "Nan ɗin. Ba ki ga ya karkace ba?"

"Ya yi kyau. Kada ka tafi, ka tsaya ka ci abinci. Maigidan yana tasha, yanzu zai shigo."

Rabab ta fito da tire tana tambaya, "Me ta ce? Na ji muryarta."

Hilmi ya naɗe lihafin da sauri. "Kin makara. Ta ce jaki ne ya bi ta kai."

"Da sunanka?"

"Da sunana, har da na ubana."

Rabab ta yi dariya, hawaye na taruwa a idonta, ta ce alhamdu lillahi. Shi ma ya yi dariyar. Bai taɓa jin kunyar kansa irin ta wannan lokacin ba, kuma da za a sake tambayarsa da ƙaryar zai sake yi.

Suka zauna a teburi. Miyar ta yi, wannan ko maƙiyi ya shaida. Midhat ya yi ta santi, ya ce daga yau shi ma sai ya koyi jan numfashin nan, Rabab ta ce ya fara da koyon inda ake ajiye cokali. Awatif ta gyara zama, ta jawo farantin kazar gabanta ta fara rabo, yadda ta saba tun Rabab na goye. Hannun bai manta komai ba. Ta ba Midhat ƙirji, ta ba Rabab fiffike da cinya, ta sa wa Hilmi cinya ɗaya. Sannan ta ɗauki wani faranti, ta zuba shinkafa, ta ɗora wuya da ƙundu da hanta.

Wannan rabon Hilmi ne tun ranar da aka kawo ta gidan. Kowa a teburin ya sani. Shi ma hannunsa ya sani, don bai yi shawara da shi ba ya miƙa ya ɗauki ƙundun.

Ta buge masa hannu da bayan cokali.

"Haba usta. Ga naka nan a gabanka. Wannan na maigida ne."

Midhat ya daina tauna. Awatif ta karɓe ƙundun ta mayar, ta kifa wani faranti a kai, ta lulluɓe da tawul don kada ya huce.

"Mama," in ji Rabab a hankali, "wane ne wannan?"

"Mai ɗinki ne. Yana da hannu, sai dai ido a abincin mutane."

"Baba kuma yana ina?"

"Sai jirgin ƙarfe biyar ya wuce. Ke ba kin sani ba?"

Rabab ta juyo ta kalli ubanta. Ya yi zaton faɗa za ta yi, ya ma fi son faɗan. Ba ta yi ba. Hilmi ya goge yatsunsa da gurasa, ya gyara murya.

"Ki gafarce ni, Hajiya, ban sani ba. Shi maigidan, wane irin mutum ne?"

Awatif ta taɓe baki. "Hilmi? Ba abin da ya iya. In ka ba shi allura sai ya tsire kansa. In na mutu, yunwa ce za ta kashe shi a kwana uku." Ta gyara tawul ɗin a kan farantin. "Amma bai taɓa cin abinci a waje ba. Ko ƙarfe nawa ne, sai ya zo gida."

Ba wanda ya ƙara loma sai ita. Ta cinye nata tas, ta ce miyar ta yi, a gaida wadda ta dafa.

A kicin, Rabab tana wanke kwanuka tana kuka ba sauti, shi yana gogewa.

"Baba, ko mu ƙara mako ɗaya? Wataƙila yau ɗin ce kawai, don ta ga mutane."

Abin da ya kwana bakwai yana roƙon Allah ya ji ke nan. Ya juya farantin da ke hannunsa ya goge bayansa. Ya tuna takalmin nan ƙafa ɗaya. Yanzu ya san abin da ya kai ta tasha, kuma ya san za ta sake fita neman mutumin, ko yana zaune a gabanta.

"Ce wa Midhat ya hawo da akwatin," in ji Hilmi.

"Wane akwati?"

"Rabab, ni na haife ki."

Shi ya haɗa kayan da kansa. Magunguna a jaka daban, ya rubuta lokacin kowanne a jikin kwalin da rubutunsa na mai tikiti. Ya ce ba ta shan shayi sai ya huce, kuma tana tsoron ruwa ya taɓa mata fuska. Ya naɗe lihafin, ya zare basillar ya soke a aljihun rigarsa, ya ɗaure shi da igiya ya ba Midhat. Rabab ta ce ai ba a gama ba. Ya ce yana da ɗumi a hakan.

Awatif ba ta yi gardama ba. An ce mata tasha za a je, ta sa takalmi da kanta. Ya riƙe mata hannu suka sauka bene hawa biyu, tana ta yi masa godiya a kowane mataki. Ummu Girgis tana tsaye a baranda, ba ta yi tsokana ba. Ana kiran magariba ya zaunar da ita a bayan motar, ya ja mata bakin riga ciki don kada ƙofa ta kama.

Motar ta tashi, sai ta ƙwanƙwasa gilashi. Rabab ta sauke mata.

"Usta, kai nan za ka tsaya?"

"Nan zan tsaya, Hajiya."

"To in muka yi saɓani da shi, ka ce abincinsa na kan teburi a rufe. Ya ci tun da zafi, kada ya jira ni."

Hilmi ya dafa ƙofar motar, sannan ya cire hannunsa.

"Zan gaya masa," ya ce.